Ƙwayar Gyaɗa a Ƙwaurin Maigida

Tun ina amarya nake wanke wa maigidana ƙafa idan ya dawo daga kasuwa. Ba a gidanmu na gani ba, kuma a zuriyarsu babu macen da ta taɓa yi. A littafi na tsinto abin. Lokacin da nake kolej a Magarya akwai wata mai sayar da turare da take tsallaka iyaka, ta dawo da littattafan soyayya a ƙasan kwandonta tana ba mu haya. Na karanta su har na fara ganin kowane saurayi mai farar riga kamar daga shafi ya fito. A cikinsu na ga matar da mijinta yake dawowa daga aiki, ta tare shi, ta cire masa takalmi, ta kawo ruwan ɗumi. Na ce a raina, ni ma haka zan yi.

Nawa mijin ba shi da teburin aiki, ba shi da mota mai sanyi. Gyaɗa yake saye a kasuwannin ƙauye, Guci, Sassumbrum, duk inda ta ci, ya ɗaure buhuna a bayan moto, wato babur, ya kawo garinmu Waca. Yana dawowa da rairayi har cikin kunne. Ranar farko da na ajiye tasar ruwa a gabansa na kama ƙafarsa, fizgewa ya yi.

"Ke, lafiya? Ko mutuwa na yi ban sani ba?"

Na ce masa haka ake yi. Ya ce a ina? Na ce a inda ake son miji. Ya yi dariya har da tari, amma ya miƙo ƙafar. Daga ranar bai sake janyewa ba. A bayan zanar sashenmu muke yi, tsakanin la'asar da magariba, inda babu mai ganinmu, don gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna. Ƙanwarsa ce kaɗai ta taɓa leƙowa ta kama mu, ita ce kuma ta laƙa mini 'yar littafi. Sunan ya bi ni har rijiya. Ban damu ba. Na haifi 'ya'ya, na yaye, na sake haihuwa, tasar nan tana nan. Bayan wanki nakan shafa masa man gyaɗa in matsa daga diddige zuwa gwiwa. Na san ƙafafun nan kamar yadda na san hanyar gidanmu: tabon da bututun moto ya bari, farcen da buhu ya fasa ya fito a karkace, da ƙashin ƙwauri mai tauri kamar ƙotar gatari.

Maigida yana da wa, shi ne babban ɗan Inna, dillalin dabbobi. Shekarun baya ya fara cika. Fuska ta yi faɗi, wuya ya sauko, takalmi ya daina shiga. Mutane suka ce kasuwa ta karɓe shi, har abokansa suka fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Shi ma yana jin daɗin abin, yana tafiya a hankali kamar mai dukiya. Daga baya abinci ya fita ransa, ya riƙa amai, jikinsa na ƙaiƙayi, numfashi ya yi masa nauyi. Sai da ya kasa zuwa masallaci aka sa shi a mota zuwa Damagaram. A can aka ce ƙodarsa duka biyu sun gama aiki, sai dai a riƙa wanke masa jini da inji. An yi abin da aka iya. Bai ga damina ta gaba ba.

Inna ta ɗauki abin ta wata fuska. A wurinta, ɗanta yana gida da ƙibarsa da arzikinsa, aka kai shi likita, aka dawo mata da gawa. Ranar da aka share makoki ta kira maigidana, ta ce masa muddin tana raye kada ya kai kansa inda za a zuƙe masa jini a ce ana bincike. Ya ce to. Mutum ne da bai taɓa tsallake maganarta ba.

A wata kaka da gyaɗa ta yi kyau, maigida ya fara cika shi ma. Da safe idanunsa kan yi luhu-luhu, kumatunsa suka fito. Ya huda wa igiyar takalminsa sabon rami. Mata suka fara tare ni a rijiya.

"'Yar littafi, me kike ba mutumin nan? Ki ba mu sirrin."

"Wankin ƙafar ne ya fara biya."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk littafin da na karanta, a ƙarshensa miji yakan yi fes, ya yi ƙiba, dangi su sa wa matar albarka. Na ga kamar nawa shafin ƙarshen ne ya zo. Inna da kanta ta aiko mini da ƙwaryar nono, ta ce Allah ya yi mini albarka, na riƙe mata ɗa.

Wani yammaci maigida yana zaune a kan turmi yana ba ni labarin wani bafillace da ya ƙi sallama masa gyaɗa, ina matsa masa ƙwauri kamar kullum. Da na ɗaga babban yatsana sai na ga gurbinsa ya tsaya. Rami ne sosai, kamar wanda yatsa ke bari a jikin tuwo. Na jira ya cike, bai cike ba. Na matsa ɗaya ƙafar, ita ma haka. Shekara da shekaru yatsan nan yana sauka a wurin nan yana tarar da ƙashi. Ƙiba na san ta, ina da ita a damtsena, idan ka danna ta tana biyo yatsanka ta dawo. Wannan ruwa ne kwance a ƙarƙashin fata.

Na zuba ido. Na lura yana yawan dafe ƙeya. Na lura da ƙwayoyin nan masu launi da yake saye a tebur a kasuwa, na ciwon baya, yana korawa da shayi mai kauri kafin ya hau moto, wani lokaci ya ƙara da rana. Na tuna wansa ma da su yake yawo a aljihu. Da na tambaye shi ko fitsarinsa ya canja, sai ya dube ni kamar na zage shi, sannan ya ce a ƙasa-ƙasa yana kumfa, amma ai na kowa yana yi.

Na ce, "Maigida, mu je likita."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Kai."

"Ni? Jiya ni kaɗai na ɗora buhu a moto, yaran kasuwa suna kallo. Ke da ake yabo kin iya kiwo, yanzu kuma ke za ki ce kiwon ciwo ne?"

Akwai tiyar gyaɗa ɓararra a gefena. Na danna ƙwaurinsa, na ɗauki ƙwaya ɗaya na ajiye a gurbin. Ƙafarsa a tsaye take, amma ƙwayar ta zauna daram, ba ta gangara ba.

Ya ce, "To madalla. Har ƙafata ta fara awon gyaɗa."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Dariyar ta mutu a bakinsa, ya zauna yana kallon ƙwayar. Can ya cire ta ya jefar.

"Bari kaka ta wuce."

"Yaya ma kaka ya jira."

Sai ya ce, "Kin san abin da Inna ta ce mini. Ba zan fita a ɓoye ba, ba kuma zan je in ce mata ina son zuwa inda ta hana ba. Ki bar maganar."

Na gane ashe ba shi zan shawo ba, Inna ce. Na gwada ta baki. Na je gaishe ta da safe, na durƙusa, na kewaya na kewaya, na ce jikin nan nasa anya ba kumburi ba ne. Ta ajiye carbi.

"Ke 'yar nan, ki iya bakinki. Allah ya yi wa yaro sutura, ke kuma ki bi shi da mugun fata? Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. A hanyar komawa sashenmu na san magana ba za ta yi ba. Abin da yatsana ya gani, sai idonta ya gani. Kuma hanyar hakan ɗaya ce. A garinmu mace ba ta ko zama tabarma ɗaya da mijinta a gaban uwarsa. Ni da ko sunansa ban taɓa furtawa ba, ni ce zan kama ƙafarsa a tsakar gida.

Washegari da la'asar Inna tana ƙarƙashin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa, ƙanwarsa tana taya ta. Na ji ƙarar moto. Ya shigo, ya durƙusa yana gaishe da Inna kamar yadda ya saba kafin ya wuce ciki. Kafin ya miƙe na fito da tasar ruwa da kujera 'yar tsugunne, na ajiye a gabansa.

Ƙanwarsa ta saki gyaɗar hannunta. "La'ilaha! Yau littafi ya fito tsakar gida."

Maigida ya ce da ni a hankali, "Ke, kin haukace ne? Ɗauke."

Na ce, "Zauna, don Allah."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya zauna. Inna ta juya mana ƙeya, ta ja mayafi.

"Kunya ta ƙare a gidan nan ke nan. Ni za a nuna wa soyayya da tsufana?"

"Inna, ki gafarce ni. Ƙwayar gyaɗa ɗaya nake roƙo."

Ba ta juyo ba. Ƙanwarsa ce, don son ganin ƙarshen abin, ta miƙo mini. Na ɗage zanena kaɗan, na danna ƙwaurina da ƙarfi, na ajiye ƙwayar. Ta gangara ta faɗi ƙasa. Na ce da ƙanwarsa ta miƙo tata ƙafar, ita da ta fi kowa jiki a gidan.

"Ni kuma me na yi? Ƙibata halal ce."

Na danna, na ajiye, ta gangara. Sai na ɗage ƙafar wandon maigida, na danna, na ɗora ƙwayar. Na janye hannuna.

Ƙanwarsa ta daina dariya. Ta ce, "Inna. Inna, ki duba."

Inna ta juyo a hankali. Ta dubi ƙwayar nan zaune a jikin ɗanta. Ta matso da gwiwa, ta ture hannuna, ta kai nata yatsan ta danna ƙasa da wurin. Ta ɗaga. Rami biyu suka tsaya, nawa da nata. Ta daɗe tana kallonsu.

"Haka ƙafar wansa ta yi," in ji ta. "Na shafa masa man shanu kafin a tafi da shi. Hannuna ya riƙa nutsewa. Na ce ƙiba ce." Ta goge ido da bakin mayafi. "To amma shi ma da ƙafarsa ya fita gidan nan, 'yar nan. Da ƙafarsa. Aka dawo mini da shi a tabarma."

Na ce, "Inna, ina tsaye a ƙofa ranar. Mutum biyu ne suka riƙe shi har mota. Wannan shi zai tuƙa motonsa da kansa, ni ina baya. Shi ya sa nake so mu je yanzu, tun yana iya ɗaga buhu."

Wata kaza ta zo tana tsince ƙwayoyin da suka faɗi. Inna ta kore ta, sannan ta dubi ɗanta.

"Gobe wace kasuwa ke ci?"

"Guci, Inna."

"Ta ci ba kai."

Da safe muka fara da likitar garinmu. Majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da asibitin, ya ɗaura masa abin awon tansiyo, wato hawan jini, a damtse, ya duba, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ya ce jininsa ya hau sosai, kuma da alama ba yau ya fara ba. Ya ba shi 'yar roba ya ce ya kawo fitsari. Har yau idan na tuna yadda babban mutum ya dawo yana ɓoye robar nan a hannun riga, yana gaisawa da mutane da hagu a bayansa, sai in yi dariya ni kaɗai. Majo ya tsoma wani siririn tsinke a ciki, launinsa ya canja. Ya ce ƙoda tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Ya tura mu Magarya a gwada jini.

A kan hanya ina bayansa, na riƙe rigarsa. Gonaki an gama girbi, kara a tsaye, shanu suna kiwo a ciki. Ya juyo da kai ya ce, "A littafinki idan an je likita me ake cewa?"

Na ce, "Ana cewa an zo a kan lokaci."

"Allah ya sa marubucin yana da gaskiya."

Likitan Magarya mace ce, mai magana a hankali. Bayan sakamako ya fito ta zaunar da mu biyu. Ta ce ƙodar ta ji jiki, hawan jini ya daɗe yana cin ta, ƙwayoyin kasuwa kuma sun ƙara mata nauyi. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, ba ta yi mana ƙarya ba. Amma ta ce abin da ya rage yana da yawa, ya isa mutum ya yi rayuwarsa, idan aka tsare shi. Maigida ya ce shi fa bai taɓa jin ciwo a wurin ba. Ta ce haka cutar take, tana daɗewa ba ta ciwo, wasu ma ko kumburin ba sa yi sai abu ya yi nisa. Ta ce duk mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda aka yi cutar a gidansu, bai kamata ya jira alama ba, ya je a duba fitsari da jini yana jin kansa garau. Ta tambayi yadda aka yi muka gane. Maigida ya nuna ni da haɓa.

"Wannan ce. Ƙafata take karantawa."

Muka dawo da magani da sharuɗɗa. Ƙwayar tansiyo kullum, ko yana jin ƙarfi kamar doki. Ƙwayoyin tebur an yi sallama da su, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Gishiri a rage, dunƙulen miya a rage, kanwa a janye hannu. Sannan a riƙa komawa awo a lokacin da aka sa.

Girkin ne ya fi ba ni aiki. Miyar farko da na yi masa ya ɗanɗana ya ce ko ruwan wanke tukunya na zubo. Na koma na zauna da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, ina gwadawa ina canjawa, har na samo hannun da yake cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Ciwon baya kuma, maimakon ƙwaya, ya rage lodin da yake ɗora wa moto, ya bar matasa su riƙa ɗaga masa buhu. Wannan ya fi masa ciwo fiye da rashin gishiri.

Ruwan ya sauka. Kumatu suka koma, takalmi ya koma raminsa na da. Matan rijiya suka juya waƙa.

"'Yar littafi, me ya faru? Mutumin ya zube. Ko littafin ya ƙare ne?"

"An ce ko gishiri ba ta sa masa. Rowa har a miya."

Na ɗora tuluna na ce musu ramar nan ni na nemo ta, kuma ba zan ba da ita ba ko da me. Wata ta kai gulmar gaban Inna, wai surukarta tana horar mata ɗa da yunwa. Ban san abin da Inna ta ce mata ba, amma matar ba ta sake shigowa gidan ba sai da sallah.

Inna ba ta tsaya nan ba. Ta tattara sauran 'ya'yanta, maza da mata, ta ce kowa ya je majo ya ɗaura masa abin hannu, ya kuma kai fitsari. Ƙanwarsa ta yi ta tsiwa, wai ita ƙwayar gyaɗa ta wanke ta a gaban shaidu. Inna ta ce gyaɗa ba likita ba ce. Aka je, aka tarar ita ma jininta yana hawa ba ta sani ba, ƙodarta dai lafiya lau. Yanzu ita da yayanta suna tsokanar juna a kan wanda ya manta da ƙwayarsa. Ni ma na miƙa hannuna aka auna. Inna ce ta ƙarshe. Ta ce ita tsohuwa me za a gani, amma ta sa mayafinta mai kyau ta je.

An yi kaka da yawa tun daga lokacin. Maigida yana zuwa Magarya idan lokacin awo ya yi, ko ranar ta faɗo a kan kasuwar da ya fi so. Wani zuwan likita ta ce abin yana nan inda yake, wani zuwan ta canja masa ƙwaya. Na san cutar ba ta tafi ba, tare muke zaune da ita. Amma ya aurar da babbar 'yarmu yana tsaye da ƙafafunsa, shi ya karɓi baƙi, shi ya raka su har bakin mota.

Tasar ruwa ta koma bayan zana. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ni ma haka. Sai dai duk kaka, idan ta ɓare sabuwar gyaɗa, takan aiko jika da 'yar kaɗan a ƙoƙo, a ce in ji Inna, na 'yar littafi ne. Na san abin da take tambaya.

Jiya ma da ya dawo daga Sassumbrum na wanke, na shafa mai, na danna. Yatsana ya tarar da ƙashi. Na ɗora ƙwayar, ta gangara ta bi ta kan tabon bututun moto ta faɗi, kaza ta yi wuf da ita.

Ya ce, "Ke dai kin iya asarar gyaɗa."

Na ce masa ya miƙo ɗaya ƙafar.